Landsat, Sentinel-2 ko MODIS: wanne za ka ɗauka in aikinka na ciyayi da ruwa ne a Jos?

Duk shekara in lokacin furojet ya zo sai wannan tambayar ta dawo. An ba ɗalibi take irin su canjin ciyayi da tasirinsa ga ruwan kogin Dilimi, ko me ya sa dam ɗin Lamingo ke cikewa da laka, ya yi babi na ɗaya da na biyu lafiya lau, da ya iso wajen hoton tauraron ɗan'adam sai ya tsaya cak, wai wanne zan sauke. To ƙannena, ukun nan, Landsat da Sentinel-2 da MODIS, hotunansu duk kyauta ne, don haka kuɗi ba zai raba maka gardama ba. Abin da zai raba ta shi ne girman wurin da kake nazari, da shekara nawa kake son komawa baya, sai kuma gajimare, wanda shi ne babban abokin gabar mai wannan aikin a Filato.

Bari dai in fara da dalilin da ya sa mai nazarin ruwa ya damu da ciyawa da bishiya tun farko, don wasu suna zana taswira mai kore da ja su miƙa ba su ce komai kan ruwa ba. In aka sheƙa ruwan sama a kan tudu mai ciyayi, ganye na tare wani, saiwoyi na buɗa ƙasa ta shanye wani, wanda ya rage ya gangara a hankali. In an share wurin an yi gini ko an yi noma har bakin rafi, ruwan zai zubo gaba ɗaya a lokaci guda ɗauke da yashi da laka, damina ambaliya, rani kuma rafi ya ƙafe da wuri saboda ba abin da aka ajiye a ƙasa. Kuma mu a nan abin bai tsaya kanmu ba. Jos na kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, duwatsun Shere sun kai wajen 1,800, daga nan kogin Kaduna ya taso ya nufi Neja, Gongola ya nufi Binuwai, Dilimi kuma ya ratsa cikin gari ya bi ta Bauchi ruwansa ya shiga Jama'are ya nufi ɓangaren tafkin Chadi. Wanda ya ga ambaliyar Yulin 2012 a Rikkos da Gangare ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ma'aunin yawan ciyayi da kusan kowa ke fara amfani da shi shi ne NDVI. Ganye mai rai yana shanye jan haske yana kuma mayar da wani hasken da ido ba ya gani, wanda ke gaba kaɗan da ja, to sai a ɗebe jan daga wancan a raba da jimillarsu. Amsar na faɗawa tsakanin -1 da +1. Ruwa yakan fito ƙasa da sifili, dutse da fili fetal kusa da 0.1, ciyawa da gona tsaka-tsaki, kurmi mai duhu sama da 0.6. Dukkan taurarin ukun za su ba ka wannan. Bambancin yana wajen yadda kowanne ke ganin ƙasar.

Landsat na Amurka ne, na hukumar sararin samaniya NASA da hukumar binciken ƙasa USGS, kuma shi ne dattijo. Na farko ya tashi a 1972, amma hoton da za ka iya dogara da shi sosai ya fara ne daga Landsat 5 a 1984, wanda kowane fiksel ɗinsa, ɗigo ɗaya na hoton ke nan, mita 30 ne a kan 30 a ƙasa, wato murabba'in mita 900, bai kai kashi ɗaya cikin goma na hekta ba. Landsat 7 ya zo a 1999, na 8 a 2013, na 9 a 2021, duk a kan mita 30 ɗin nan, kuma tun 2008 aka buɗe rumbun kowa ya ɗiba kyauta. Kowanne yana dawowa kan wuri ɗaya bayan kwana 16, yanzu da 8 da 9 ke aiki tare ya zama kwana 8. In tambayarka ita ce yaya gefen Rayfield ko Lamingo ko hanyar Bukuru yake a shekarun 1980 kafin gine-gine su cinye shi, to maganar ta ƙare, ba wanda ke da wannan tarihin sai Landsat, sauran biyun ba a ma haife su ba a lokacin.

Yana kuma da abu ɗaya da mai nazarin ruwa bai kamata ya raina ba, wato zangon da ke auna zafin saman ƙasa, zango kuwa shi ne kowane nau'in haske da tauraron ke ɗauka daban. A Landsat 8 da 9 ana ɗaukarsa a mita 100 sannan a daidaita shi zuwa 30. Da shi ake lissafa yawan ruwan da ke tashi sama daga ƙasa da ganyaye, don wurin da ganye ke fitar da ruwa ya fi sanyi, kuma a lissafin ruwan kowane yanki wannan kason babba ne ƙwarai. Sentinel-2 ba shi da wannan zangon sam.

Amma fa dattijon yana da tabo. A ranar 31 ga Mayu 2003 wata na'ura a cikin Landsat 7 ta lalace, daga nan duk hotonsa sai ya riƙa fitowa da layi-layi babu komai a ciki, wajen kashi 22 cikin 100 na hoton ya ɓace, abin ya fi muni a gefe-gefe, tsakiya da sauƙi. Matsalar ita ce daga 2003 zuwa 2013 sau da yawa shi kaɗai za ka samu a yankinmu, sai dai ka haɗa hotuna biyu ko uku na kwanaki kusa da juna su toshe wa juna rami. Sannan shekarun 1990 hotunan Afirka ta Yamma sun yi ƙaranci a rumbun, saboda Landsat 5 ba ya ajiye hoto a cikinsa sai ya aika wa tasha a ƙasa kai tsaye, kuma ba ko'ina ake da tashar ba. Saboda haka kafin ka rubuta a takardar neman amincewa cewa za ka yi 1985 da 1995 da 2005 da 2015, shiga EarthExplorer, shafin USGS da ake sauke hotunan, tukuna ka ga shekarun da suke da hoto mai tsabta, ka zaɓi shekarunka daga abin da ke akwai. Da yawa suna yin alkawarin shekaru sannan su je nema, ƙarshe su ɗauko hoton Maris su gwada da na Oktoba, wannan kuwa za mu dawo kansa.

Wani tarkon kuma lambar zango. A Landsat 5 da 7 ja shi ne B3, wancan hasken B4. A 8 da 9 an matsa, ja ya koma B4, ɗayan B5. Ka yi amfani da lissafi ɗaya a duka ka ga taswirar da za ta ce maka dutsen Shere kurmi ne. Haka kuma hotunan da aka riga aka gyara wa tasirin iska, na rukunin da USGS ke kira Collection 2, sai ka ninka lambobin da 0.0000275 ka ɗebe 0.2 kafin ka lissafa NDVI, in ba haka ba amsar za ta fito kamar daidai alhali ba daidai ba ce, kuma ba abin da zai yi maka ƙara ya ce ka yi kuskure.

Sentinel-2 na Turai ne, ƙarƙashin shirin Copernicus. Na farko ya tashi a Yunin 2015, na biyu a Maris 2017, an ƙara na uku a Satumban 2024. Zango 13 gare shi, huɗu daga ciki, shuɗi da kore da ja da wancan na ganye, mita 10 ne, wato murabba'in mita 100, a fiksel ɗaya na Landsat za ka zuba nasa guda tara. Yana dawowa duk kwana 5 kuma yana share faɗin kilomita 290 a tafiya ɗaya. A ƙasa irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don gonakin Filato ƙanana ne, wani fegin kabeji ko karas a bakin Dilimi bai fi faɗin tsakar gida ba, ga shingen kerana, ga dutse a tsakiya, ga tsohon ramin kuza cike da ruwa a gefe. Landsat zai cakuɗa duk waɗannan ya ba ka lamba ɗaya wadda ba ta gona ba ce ba ta dutse ba. Sentinel-2 zai raba maka su. Siririn layin bishiyoyin da ke bin rafi, wanda shi ke riƙe gaɓar kada ta zube, a mita 10 kana iya binsa ka ga inda ya yanke. Tafkunan kuza na wajen Bukuru da Barikin Ladi ma haka, kana iya auna yadda suke ja baya daga Nuwamba zuwa Maris lokacin da masu noman rani suka dasa injin ban ruwa a bakinsu, sai dai nan ka lura zangon da ya fi iya raba ruwa da ƙasa mita 20 ne ba 10 ba.

Rauninsa a bayyane yake, ba shi da tarihi. Duk abin da ya faru kafin 2015 bai san shi ba, kuma sai daga 2017 hotunan suka yawaita. In ka ga layin NDVI ya sauka a 'yan shekarun nan, da wuya ka iya rantsuwa cewa sare itace ne ba damina ce ta yi gardama shekara biyu a jere ba. Shi ma yana da nasa tarkon lambobi, daga Janairun 2022 an ƙara 1000 a kan lambobin hotunan, wanda ya haɗa na kafin da na bayan bai cire ba, to zai ga kamar ciyayi sun ragu dare ɗaya. A Google Earth Engine, dandalin Google na sarrafa hotunan tauraro ta intanet, akwai tarin da aka riga aka daidaita, shi za ka nema.

Sai MODIS. Wannan na'ura ce a kan taurari biyu na NASA, Terra da ya tashi a Disamban 1999 da Aqua a 2002. Fiksel ɗinsa mafi kyau mita 250 ne, hekta 6 da kwata ke nan a ɗigo ɗaya, unguwa guda za ta iya shigewa ciki. Ɗalibai na ganin hoton ya yi dishi-dishi sai su watsar, ni kuwa ina ganin an fi zaluntarsa cikin ukun. Yana leƙo mu kusan kullum, kuma akwai kayan da aka riga aka dafa, MOD13Q1, wanda ke zaɓo maka fiksel mafi tsabta a kowane kwana 16 tun daga Fabrairun 2000, wato hoto 23 a shekara ba tare da ka sha wahalar goge gajimare da kanka ba. Da shi za ka ga numfashin shekara gaba ɗaya, yaushe ƙasa ta fara kore bayan ruwan Afrilu, yaushe ta kai ƙololuwa, yaushe ta bushe, shin lokacin yana matsawa ko yana nan. Ka ɗora wannan a kan bayanan ruwan sama na CHIRPS da suka faro daga 1981 ka ga abin sha'awa. Akwai kuma MOD16 na ruwan da ke tashi sama, duk kwana 8 a mita 500, da wani na wuraren da aka ƙona, wanda ke da amfani a nan tunda ƙonar daji ta rani na barin ƙasa tsirara ruwan farko ya zo ya kwashe. Amma don Allah kada ka ɗauke shi ka ce za ka yi nazarin ƙaramin rafi a Tudun Wada, fiksel goma ba za su gaya maka komai ba. Wurinsa shi ne manyan yankuna, saman kogin Kaduna ko Gongola baki ɗaya. Sannan taurarin biyu sun tsufa, lokacin wucewarsu ya fara gocewa, wata na'ura mai suna VIIRS da ke kan sababbin taurari ce magajiyar MODIS, mai shirin aikin da zai ci gaba shekaru masu zuwa ya sa wannan a lissafi.

Yanzu gajimare. Ruwan Jos na sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, wajen milimita 1,400 a shekara, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma a watannin nan kowa ya san yadda gari ke wuni a lulluɓe. Landsat da Sentinel-2 suna wucewa ne da hantsi, tsakanin goma da sha ɗaya, in sun tarar da hadari fari fat za su ɗauka su wuce. Abin haushin shi ne lokacin da ciyayi suka fi yawa kuma koguna suka fi cika, lokacin ne ba ka da hoto. Da Landsat kaɗai kana iya share damina guda ba ka samu ko ɗaya mai amfani ba. Sentinel-2 da yake ya fi yawan zuwa yakan yi sa'a nan da can. Rani kuma ga hazon hunturu, ƙurar na dusashe hoton ta rage NDVI, musamman Janairu da Fabrairu. Shi ya sa ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, sama ta washe, ƙura ba ta yi kauri ba, ba a gama ƙone daji ba. In kuma bishiyoyi kake son ƙirgawa ban da ciyawa, to tsakiyar rani ya fi, lokacin ciyawa ta mutu duk abin da ya rage kore ko itace ne ko lambu. Ko wanne ka zaɓa ka tsaya a kansa a duk shekarun. Gwada hoton Maris na wata shekara da na Oktoban wata kamar ka auna mutum yana azumi ne ka sake auna shi bayan sallah ka ce ya yi ƙiba.

In dole sai ka ga damina, akwai Sentinel-1, shi radar ne, wato yana aika sigina ƙasa ya karɓi abin da ya dawo, yana ratsa gajimare dare da rana, tun 2014 yake aiki. Ya ƙware wajen nuna inda ruwa ya kwanta. Amma ba ya ba da NDVI, fassara shi na da wuya, kuma duwatsu irin namu na rikita shi. Ɗan digirin farko ya bar shi sai in malaminsa ya san kansa.

Akwai wani abu da nake so ku riƙe ko da wane tauraro kuka ɗauka, kore a taswira ba ya nufin ruwa ya ƙaru. An shuka bishiyar turare da yawa a tsofaffin filayen kuza, a hoto za ta ba ka NDVI mai kyau har cikin rani, amma itace ne mai zurfin saiwa da ke shan ruwa duk shekara kuma ƙarƙashinsa sau da yawa ba ciyawar kirki. Lambun rani ma kore shar yake fitowa a Fabrairu, alhali ruwan daga rafi ko tafki aka zuƙo shi. To in ka ga kore ya ƙaru a bakin Dilimi ka rubuta cewa muhalli ya farfaɗo, mai yiwuwa abin da ka gani shi ne dalilin da ya sa mutanen da ke can gangaren kogin ba sa samun ruwa. Don haka NDVI kaɗai bai isa ba, sai ka rarraba ƙasar, nan gini, nan gona, nan ciyawa, nan itace, nan dutse, nan ruwa, don wannan rabon shi manhajojin lissafin ruwa irin su SWAT da HEC-HMS ke ci, kowane nau'i da lambarsa ta yawan ruwan da ke gudu a kansa, kwalta da rufin kwano suna wajen 98 cikin 100, daji ƙasa sosai. A nan ma Jos na da nata wasan, dutse da rufin gini da jar ƙasar da aka tono daga ramin kuza suna kama da juna a idon tauraro, kwamfuta za ta ce maka gari ya faɗaɗa har kan dutse in ba ka koya mata da kyau ba. Inda ciyayi suka yi tsilla-tsilla kuma wani ma'aunin ciyayi mai suna SAVI ya fi NDVI, don yana rage tasirin hasken ƙasa.

To wanne ke nan? In yankinka ƙarami ne ko matsakaici, irin wanda ke zuba ruwa a Lamingo ko dam ɗin Yakubu Gowon da ke Shen, kuma kana son ka nuna canji na shekaru masu yawa, ɗauki Landsat ya zama ƙashin bayan aikin, tun daga na 5 har na 9, ka yi amfani da Sentinel-2 na shekarar ƙarshe wajen duba ko rabon da ka yi daidai ne. Wannan shi ne shawarata ga mafi yawanku. Abin da ba na so shi ne a yi taswirar 1986 da Landsat, ta bana da Sentinel-2, a ɗebe wannan daga wancan, rabin canjin da za ka gani bambancin ido ne kawai. In aikinka kan noman rani ne, ko zaizayar gaɓar rafi, ko tafkunan kuza, kuma 'yan shekarun nan sun ishe ka, Sentinel-2 kai tsaye. In kuwa dangantakar ruwan sama da ciyayi kake bi a babban yanki, ko fari, MODIS. Masu digiri na biyu da na uku su duba HLS, inda NASA ta haɗa Landsat da Sentinel-2 a mita 30 ta daidaita su, ana samun hoto duk kwana biyu zuwa uku, hakan na rage ciwon kan gajimare sosai. Na san wani zai ce ina namu na gida, NigeriaSat-1 na 2003 da NigeriaSat-2 da X na 2011, ga ma NCRS, cibiyar nazarin hotunan tauraro ta ƙasa, a nan Jos, ba laifi ka je ka yi tambaya, amma don jerin shekaru mai tsawo da za ka buɗe daga ɗakinka yau, ukun can ne.

Maganar data da wuta kuma, hoto ɗaya na Landsat ko Sentinel-2 na iya kai gigabait guda, ka ce za ka sauke talatin a laftof mai ƙaramin ƙarfi ka buɗe a manhajar taswira ta QGIS, kuɗin data kaɗai zai sa ka tsani furojet ɗin. Google Earth Engine na yin lissafin a can wajensu kyauta ga mai bincike, kai dai ka yanko iyakar yankinka ka sauke sakamakon, 'yan megabait. Sai ka koyi ɗan rubutun umarni, amma misalai sun cika a ciki, ka canza wuri da kwanan wata. Iyakar yankin ka ciro ta daga taswirar tudu da kwari ta SRTM mai mita 30, kada ka yi amfani da iyakar ƙaramar hukuma, ruwa bai san Jos ta Arewa da ta Kudu ba. Ka sa komai a tsarin awon taswira na UTM shiyya ta 32 ta arewa don lissafin hekta ya fito daidai.

Sannan ka nemi bayanan ruwan kogi ko na dam da wuri, wajen NIHSA, hukumar tarayya mai auna ruwan koguna, ko hukumar ruwa ta jiha, na ruwan sama wajen hukumar hasashen yanayi NiMet, ka kai takardar sashenku tun farkon zango don irin wannan ba ya fitowa rana ɗaya. Ka kuma ware 'yan kwanaki ka hau keke ka zaga yankin da wayarka, duk inda ka tsaya ka ɗauki lambar GPS da hoto ka rubuta abin da ke wurin, gona ce ko dutse ko turare, ka raba wuraren biyu, kashi ɗaya na koya wa kwamfuta, ɗayan ka ɓoye shi don gwada ta daga baya. Ka yi zagayen a watan da hotonka ya fito, kuma in za ka shiga gonar mutane ka fara gaida mai unguwa.